Manaja da Injin Wanke Kafet

Akwai wani mutum da abokan aikinsa ke kira Manaja. Ba manaja ba ne, mai kula da sito ne a wani kamfanin sayar da kayan gini. Yadda yake rataya makullai a ƙugu yana ba da umarni ne ya sa sunan ya bi shi har gida.

Mutum ne mai riƙon iyali, ba ya yawon banza. Aibinsa ɗaya ne: ba a gaya masa. Ko hanya ya ɓace, gara ya zagaye gari sau uku da ya tsaya ya tambaya.

Suna zaune a bene, hawa na biyu, shi da matarsa da 'yarsu mai shekara bakwai da kowa ke kira Auta. Falo da ɗakin yarinyar duk kafet ne daga bango zuwa bango. Ita kuwa Auta tana da ciwon asma.

Wata rana likita ya duba ta ya ce musu ƙurar da ke cikin kafet tana daga cikin abin da ke tayar mata da ciwon. Ya ce shara kaɗai ba ta isa ba, a wanke shi sosai.

A hanyar gida matar ta ce, "Abban Auta, akwai wani dattijo a bayan tashar mota da ke ba da hayar injin wanke kafet. Yini ɗaya ya ishe mu."

Ranar Asabar da hantsi Manaja ya tafi. Ɗan ƙaramin shago ne, injina huɗu a jere a jikin bango, tiyo a rataye a ƙusa. Dattijon yana zaune da tabarau a kan hanci yana gyaran wata waya. Mutane biyu na jiran layi.

Da aka zo kan Manaja, dattijon ya ce, "Kafet ɗin naka akwai soso a ƙarƙashinsa?"

"Me ya haɗa ka da soso? Inji na zo ɗauka."

"Ka yi haƙuri, ɗana. Tambayar tana da dalili. Ɗakin yana da taga nawa? Ka ga lokacin ruwan sama ne. Akwai mai ciwon ƙirji a gidan?"

Manaja ya ji ransa ya fara ɓaci. Ya ce, "Baba, hira kake sayarwa ko haya kake bayarwa?"

Dattijon bai ji haushi ba tukuna. Ya ce, "Ba na sakin injina sai na koya wa mutum. Minti goma ne. Sabulun murfi ɗaya ake zubawa, kada ka ƙara. In ka bi wuri sau ɗaya da ruwa, ka bi shi sau uku babu ruwa, injin ya tsotse. Sannan ka bar min katin shaidarka, in ka dawo da inji ka karɓa."

Nan fa wuta ta kama.

"Katin shaidata? Ni? Na yi maka kama da ɓarawo?"

"Kowa haka yake yi, ɗana."

"Ni ba kowa ba ne! Kayan da ke ƙarƙashin makullina sun sayi shagon nan da kai da ke ciki sau ɗari. Wannan gwangwanin naka da kowane ƙazami ya goga a gidansa za ka tsaya kana min lacca a kai? Yau zan sayi nawa sabo fil!"

Ya ture takardar haya da dattijon ya miƙa masa don ya sa hannu, ta faɗi ƙasa. Wani daga cikin masu jira ya ce, "Haba malam, sa'an mahaifinka ne fa." Manaja ya fice, ko waiwaye bai yi ba.

Dattijon ya sunkuya ya ɗauki takardarsa, ya ɗaga murya ya ce, "Sayen ba laifi ba ne. Amma don Allah ka karanta littafin da ke cikin kwalin."

Kafin azahar Manaja ya iso gida da ƙaton kwali, yana haki a kan matakala. Matar ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallonsa.

"Wannan fa?"

"Namu ne. Mun fi ƙarfin haya."

"Abban Auta, sau nawa za mu wanke kafet a shekara? Sau biyu? Gidan da ko bokiti sai mun yi shawarar inda za mu ajiye, ina za mu kai wannan? A kan gado zai kwana?"

"Ke dai matsalarki ke nan. Ba a taɓa yin abu ki ce sannu."

"To sannu. Ba ni littafin in karanta maka."

Ya fizge littafin daga hannunta ya cilla shi saman firji. "Injin da ke da maɓalli biyu ne sai an yi masa karatu? Na tuƙa motar ɗaga kaya shekara shida."

Ya cika tankin da ruwa. Ya zuba murfi ɗaya na sabulu, ya duba, ya ga kamar rowa ce. Ya juye rabin kwalbar, ya ƙara da garin sabulun wanki mai yawa. Ya kunna.

Kumfa ta tashi har tana taɓa ƙafar kujera. Ruwan da injin ke tsotsowa baƙi ƙirin, shi kuwa daɗi ya cika shi. Yana ta kiran matar, "Zo ki gani! Zo ki ga dattin da muke kwana a kai!" Duk inda ya bi sai ya sake bi da ruwa. Ɗakin Auta ma sau huɗu ya jiƙa shi, don a cewarsa nan ne ya fi buƙata. Zancen bi babu ruwa kuwa ya tuna da shi sarai. Amma daga bakin wa ya fito? Ya ƙi.

Da la'asar ya gama. In ka taka kafet ɗin sai ka ji yana caɓal-caɓal kamar fadama. Sai ga hadari, ruwa ya sauko da iska, dole aka rufe tagogi.

Kwana biyu Auta tana kwana a ɗakin iyayenta, inda babu kafet. A rana ta uku Manaja ya shafa saman kafet ɗin da tafin hannu ya ce ya bushe, yarinya ta koma ɗakinta.

Matar ta ce, "Sama ne ya bushe. Danna da ƙafarka ka ji. Kuma ni ina jin wani wari."

"Hancinki ne."

"Wallahi wari yake, kamar tsumman da aka manta a bokiti. Ka bari mu kira dattijon nan ya duba."

Manaja ya buga tebur har cokali ya yi tsalle. "Kada ki sake ambata min tsohon nan a gidana! So kike ki nuna wa duniya ban iya komai ba. Yarinya za ta kwana a ɗakinta, na gama magana."

Ya fita ya sayo turaren fesawa gwangwani biyu, ya feshe ɗakin har ido na yaji, ya ja ƙofa. Shi ma yana jin warin. Tun jiya yake jin sa. Amma ya riga ya yi rantsuwa a zuciyarsa cewa ba zai bari a ce ya yi kuskure ba.

Matar ta yi shiru don gudun tashin hankali a gaban yarinya. Wannan shirun ne ta daɗe ba ta yafe wa kanta ba.

Ranar Alhamis da rana Manaja yana sito yana yi wa wani direba faɗa, wayarsa ta yi ƙara. Muryar matarsa ce, amma bai taɓa jin ta haka ba.

"Muna asibiti. Auta ba ta iya numfashi. Abin shaƙarta bai yi aiki ba."

Bai san yadda ya isa ba. Ya tarar da 'yarsa a kan gado, an rufe mata hanci da baki da abin ba da iska, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar, leɓenta ya canza launi. Ta gan shi ta ɗaga yatsu biyu, ba ta iya cewa Abba ba.

Bayan ta ɗan samu sauƙi, likita ya kira su gefe ya tambaya ko wani abu ya canza a gida. Manaja ya buɗe baki, matar ta riga shi. Ta faɗi komai, har turaren fesawa.

Likitan ya cire tabarau ya dube shi. "Malam, na ce a wanke kafet, ban ce a jiƙa shi a rufe yarinya a ciki ba. Danshi yana haifar da funfuna, ita kuma guba ce ga mai asma. Ka zo ka ƙara da turare. Da an ƙara rabin awa a gida, da wani zancen muke yi yanzu."

A barandar asibitin matar ta juyo gare shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina haɗiye maganarka. Ka ɓata hanya in yi shiru, ka ƙona tukunyar lantarki in yi shiru. Yau 'yata ka kusa kashewa don kada a ce wani tsoho ya fi ka sanin kafet. Kafet, Abban Auta! In an sallame mu gidan yayata za mu wuce. Ƙafar yarinyar nan ba za ta taka gidan can ba sai na shiga na shaƙa da hancina, hancin da ka ce shi ne matsala."

 

Washegari da safe Manaja ya tsaya a ƙofar shagon dattijon. Sau biyu yana juyawa zai tafi. A na uku ya yi sallama.

Dattijon ya ɗago ya gane shi nan take. "A'a, mai sabon inji. Gwangwanin namu ka zo gani?"

Manaja ya durƙusa a gaban mutane, ya faɗi abin da ya faru. Yana zuwa kan yarinyar, fuskar dattijon ta sauya. Ya ajiye abin da ke hannunsa da ƙarfi.

"Na tambaye ka! Da bakina na tambaye ka ko akwai mai ciwon ƙirji a gidan! Zagin da ka yi min ban riƙe ba, an zage ni kafin a haife ka. Amma yarinya 'yar shekara bakwai me ta yi maka? Kai wane irin uba ne da girman kansa ya fi numfashin 'yarsa?"

"Baba, na yi kuskure."

"Kuskure na wanda bai sani ba ne. Kai an gaya maka ka ƙi ji. Tashi, ɗauki fankar can babba. Ba don kai zan je ba."

Ya rufe shagonsa a ranar ciniki ya bi shi.

Suna shiga ɗakin Auta dattijon ya toshe hanci. Ya kama kusurwar kafet ɗin ya ɗaga. Soson da ke ƙasa ya yi baƙi da kore, ruwa kwance a kan siminti, daidai inda kan gadon yarinyar yake. 

"Wannan ya mutu," in ji dattijon. "Na falo za a iya ceto shi. Ungo wuƙa, kai za ka yanka da hannunka."

Yini guda suka yi. Manaja ya yanka kafet ɗin ɗakin gunduwa-gunduwa, yana saukar da shi a kafaɗa, ruwan wari na bin rigarsa, maƙwabta na leƙe. Suka wanke simintin, suka buɗe tagogi, suka kunna fanka. Na falo kuwa dattijon ya sa shi ya bi da ruwa zalla don fitar da sabulun, sannan ya yi ta tsotsa har bayansa ya ƙage. Da injin Manajan aka yi aikin.

Dattijon ya ce, "Injinka lafiyarsa ƙalau. Mai gida babba da yara da yawa, da ke wanki kowane wata, shi saye ya fi masa. Irinka mai wanki sau biyu a shekara, haya ta ishe shi. Amma ko ka saya ko ka yi haya, in ba ka da kunne, ɓarna za ka yi."

Kwana tara matar ta yi a gidan yayarta. A rana ta goma ta zo ita kaɗai, ta shiga ɗaki-ɗaki, ta durƙusa ta danna kafet ɗin falo da hannu, ta shinshina. Sannan ta fita. Da yamma ta dawo da Auta.

Yarinyar ta rungume babanta a bakin ƙofa. Ya riƙo hannunta zai nuna mata ɗakinta da ya yi wa sabon fenti tun kwanaki, ya bushe sarai. Suna isa ƙofar ɗakin ta ja ta tsaya, ta ƙanƙame ƙafarsa.

"Abba, in na shiga zai sake shaƙe ni?"

 Manaja ya durƙusa daidai tsayinta, hawaye na zuba.

"Ba ɗakin ne ya shaƙe ki ba, Auta. Ni ne. An gaya min yadda zan yi na ƙi ji. Ki yafe wa Abbanki."

Yarinyar ta dubi uwarta. Uwar ta ɗaga mata kai. Sannan ta saki ƙafarsa, ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta ja numfashi a hankali, ta sa ɗayar.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai shi ne ke fara biyan kuɗinsa ba, na kusa da shi ne. Kafin ka sayi abu don huce haushi, tambayi kanka ko kana buƙatarsa, kuma ka saurari wanda ya san aikin ko da shagonsa bai kai ɗakin girkinka ba. Ku tura wa wanda kuka san ba a gaya masa, wataƙila ya ji kafin ta kai shi asibiti.