Ɗigon da Baba Ya Buga a Ƙarfe

Akwai wani tsohon direba da 'ya'yansa maza biyu. Babban ana ce masa Injiniya, domin da gaske ya yi karatun, kuma ba ya bari a manta. Ƙaramin bakanike ne, tun yana yaro aka laƙaba masa Sifana.

A tsakar gida akwai motar Baba, tsohuwar ƙira mai dogon hanci, wadda ta girmi 'ya'yan duka biyu. Shekara goma sha ɗaya tana rufe da tamfol, kaji na fakewa a ƙarƙashinta. Bayan Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, kullum yana kan kujera a bakin taga yana kallonta. Likita ya riga ya gaya wa 'ya'yan cewa zuciyarsa ta yi rauni, duk abin da za su yi masa su yi da wuri.

Wata rana Baba ya ce musu da ƙyar, "Ba tuƙi nake so ba. Kukanta kawai nake so in ƙara ji."

Injiniya ya ɗauki nauyin kaya, kuma bai yi rowa ba. Ya sayo kayan cikin inji, su ringi da metal da gasket, ya ƙara da sabon kafireto da lagireto mai faɗi, ya ce sai ta fi yadda ta fito daga kamfani. Sifana ya sauke injin ya wargaza shi a ƙarƙashin rumfa.

Aikin Sifana ba shi da kyan gani. Ya shimfiɗa tsofaffin kwalaye, ya huda ramuka ya soka kowane bawul a nasa ramin. Murafai biyar da ke riƙe karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, ya jera su a layi, baƙi ƙirin, da daskararren mai a jikinsu.

Ranar Asabar ya ɗauki karanshaf ya kai wurin masu gyara. Yana fita Injiniya ya shigo, ya tsaya a kan kwalayen yana yamutsa fuska.

Mutum ne mai son tsafta, har takalminsa madubi ne. Ya naɗe hannun riga, ya kwashe komai ya zuba a daro ɗaya, ya wanke da fetur. A jikin murafan nan ya ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo kamar cizon ƙusa. Ya kunna injin goge ƙarfe ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sai da suka yi sumul.

Da Sifana ya dawo ya leƙa daron, sai ya ɗauko murfi ɗaya ya jujjuya shi.

"Yaya, ina ɗigon da ke jikinsu?"

"Tabon nan? Na goge. Ka ga yadda ake aiki."

"Ba tabo ba ne. Baba ne ya buga su da hannunsa lokacin da ya sauke injin nan, ba a haife ni ba. Ɗigo ɗaya murfin gaba, biyar na baya. Kowanne da wurin zamansa. In ka sauya musu wuri za su shaƙe karanshaf."

Injiniya ya yi dariya. "Ƙarfe ƙarfe ne, kamfani ɗaya ya ƙera su. Camfin 'yan gareji kawai."

"A ba ni mako ɗaya in gwada su ɗaya-ɗaya, zan gano."

"Mako? Mutumin da likita ya ce a hanzarta? Kai ko sakandare ba ka gama ba za ka koya mini inji?"

Sifana ya goge hannunsa da tsumma, ya ɗauki akwatin kayansa. "Allah ya ba da sa'a, Yaya."

Injiniya ya samo wani bakanike irin wanda duk abin da ka ce sai ya ce haka ne, yallaɓai. Kwana biyu suka haɗa injin. Da suka juya karanshaf da hannu ya yi tauri, bakaniken ya ɗago kai zai yi magana.

"Sabon abu ne, zai saki," in ji Injiniya.

"Haka ne, yallaɓai."

Aka buɗe wa Baba taga. Injiniya ya murza makulli, motar ta yi tari ta tashi. Fuskar Baba ta buɗe, ya ɗaga hannun da ke motsi. Minti huɗu ta yi. Daga nan wata ƙara ta taso daga ƙasa kamar ana dukan tukunya, injin ya ƙame ya mutu.

Baba ya san wannan ƙarar fiye da kowa a gidan. Bai yi faɗa ba, ya dai ce a rufe tagar.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Washegari Injiniya ya je garejin ƙanensa, ya tsaya a cikin baƙin mai da takalmin nan nasa.

"Na ɓata. Ka zo."

Sifana bai yi masa gori ba. "Zan zo. Amma kai za ka riƙe mini, kuma a hankali za mu yi."

Yanzu ba aikin mako ɗaya ba ne. Karanshaf ya ƙone, sai an sake kai shi gyara, sai an nemo wani metal, kuma na irin wannan tsohuwar mota ba a kowane shago ake samu ba. Kafin kayan su iso suka zauna da murafan. Sifana ya ɗora ɗaya, ya bi mahaɗar da farce. In farcen ya sarƙe, ba wurinsa ba ne, ya cire ya juya, ya gwada wani. Injiniya na riƙe da fitila.

Duk murfin da ya sami wurinsa, Sifana ya miƙa wa yayansa ƙusa da guduma. "Buga ɗigon."

Sun shiga mako na uku, saura su mayar da injin cikin mota, Allah ya yi wa Baba rasuwa da hantsi, a kan kujerarsa.

Injiniya ya so a mayar da tamfol a rufe ta. Sifana ya ce a'a, aikin da aka fara a ƙarasa shi.

Ranar da suka gama, Sifana ya murza makulli. Bugu ɗaya ta tashi, tana kuka a hankali, ba tari ba karkarwa. Su biyun suka juya suka dubi taga. Kujerar na nan inda take.

Injiniya ya kawar da kai daga tagar. "Kashe ta," ya ce.

"Sabon ringi ne, Yaya. Sai ta yi minti ashirin tana aiki kafin ya zauna daidai."

Wannan karon bai yi musu ba. Ya zauna a kan kwali ya jira har mintin ashirin suka cika.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Kafin ka goge abin da ba ka gane ba, tambayi wanda ya san dalilinsa, ko da ƙaninka ne, ko da bai kai ka karatu ba. Gaggawar mai taurin kai ita ke cinye lokacin da yake gudun rasawa, kuma ba kowace ɓarna ce gyaranta ke zuwa a kan kari ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani yana dab da goge nasa ɗigon.