Alƙalin da Aka Rataye a Tsamiya

An ruwaito a littattafan magabata cewa a Birnin Kwargaba, zamanin Sarki Barau, ƙorama ɗaya ce ke shayar da dukan lambuna. In za a raba ruwa, sai maroƙin sarki ya tsaya bakin madatsa ya rera waƙa, kowa rabonsa tsawon waƙa ɗaya. To, ka san halin maroƙi. In an zo kan mai sakin hannu sai ya yi ta jan murya, in kuwa wanda bai shafa masa komai ba ne, kafin ka ce kwabo waƙa ta ƙare.

Wani falke, Jatau, ya dawo daga fatauci ya tarar albasarsa na bushewa. Ransa ya ɓaci, ya kai kuka fada cewa maroƙi na tauye masa rabon ruwa.

Sarki ya ce, "Kawo mini alƙalin da bai san babba ba, bai san ƙarami ba. In ka kasa, ƙage ka yi, lambunka kuma ya bar hannunka."

Jatau ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Wata shekara ayarinmu ya yada zango gindin wata tsamiya mai lilo biyu, igiyoyinsu tsawo ɗaya. Madugunmu, ƙaton gaske, ya hau ɗaya, wani siriri kamar sillen kara ya hau ɗayan. Tare suke tafiya, tare suke dawowa. Aka ƙara wa madugu turi, ya ƙara nisa, ya ƙara sauri, amma bai riga ɗan'uwansa dawowa ba. Sai da aka rage igiyar ɗaya suka saɓa."

Waziri Gwadabe ya ce, "Gani ya kori ji." Ya sa aka rataye curin zinariya da dutsen hanya a igiyoyi masu tsawo ɗaya, aka sake su. Zinariya ba ta riga dutse ba, dutse bai jira ta ba. Fada ta ɗauki kabbara.

Sarki ya yi murna ƙwarai. Ya sa aka rataye dutsen a tsamiyar bakin madatsa, ana ƙirga kai-komonsa daidai wa daida ga kowane lambu, ana kuma auna igiyar da sandar sarki kowace safiya. Ya naɗa Jatau Sarkin Lambu. Albasa ta farfaɗo. Maroƙi bai daina waƙa ba, sai dai yanzu ko ya ja ta har gobe, maƙogwaronsa kaɗai zai jiƙa.

Masu hikima suka ce: alƙali nagari nauyin mutum ba ya karkata shi, amma a tsare igiyarsa.