Rijiyar Duna

Tun zamanin da kura ke kwana a bakin ƙofa, aka yi wani maharbi a Dutsen Marke, sunansa Ranau. Mutanen gindin dutsen ba su da ruwa sai na wani marmaro da ke can ƙololuwa, shi ya sa suka naɗa shi Sarkin Dutse, ya riƙa tsaron ruwan. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, sai wani baƙin kare da ya tsinta a kogo tun idonsa bai buɗe ba. Ana yi masa kirari, "Duna na Ranau, hancinka ya fi idon mutum goma!"

Ga yadda suke aiki. Kowace safiya su hau tare, Duna ya fara shan ruwan. In ya sha, Ranau ya busa ƙaho, mata su hau da tuluna. Shekara tara ba a taɓa fashi ba.

Wata bazara mai tsanani, Duna ya sansana marmaron, ya ja da baya yana gurnani. Ranau bai busa ƙaho ba. Kashegari ma haka. A kwana na uku randuna sun bushe, jarirai sun daina kuka don ba ƙarfi. Mai gari, wani dattijo mai suna Nomau, ya hau dutsen da jama'a a bayansa.

Ya ce, "Sarkin Dutse, kare ne zai kashe mu da ƙishirwa?"

Ranau ya ce, "Ranka ya daɗe, bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Nomau ya ce, "Tsufa ne ya kama shi. Ka sa shi ya sha mu gani, in ba haka ba ka ajiye ƙahon nan."

Da Ranau ya miƙa ƙahon, da labarin ya canja. Amma sarauta daɗi gare ta, ko ta dutse ce. Ya dubi karen da bai taɓa saɓa masa ba, ya nuna ruwan, ya ce, "Duna, sha."

Duna ya daɗe yana kallon ubangidansa. Sannan ya sunkuya ya sha. Kafin inuwa ta gusa taki ɗaya, kumfa ta cika bakinsa, ya ja jiki ya ɗora kai a ƙafar Ranau, ya mutu. Da aka tona tsagar da ruwan ke fitowa, sai ga damin tinya an cusa. Ashe mahara ne suka sa dafin, suna jiran gari ya mutu su kore shanu.

Ranau bai kula kowa ba. Ya saɓa gawar a kafaɗa, ya sauko, ya kama haƙa kabari a gindin dutsen, yana kuka kamar wanda ya rasa ɗan fari. An ce ramin bai kai zurfin gaba guda ba ƙasa ta jiƙe, ruwa mai sanyi ya ɓulɓulo. Gari ya sha ya rayu. Shi kuwa ya binne Duna a gefe, ya fasa ƙahon da dutse, kuma har ya bar duniya ba a sake jin kalmar nan "sha" a bakinsa ba.

Rijiyar tana nan, ana ce mata Rijiyar Duna, gugan farko na kowace safiya na karnuka ne. Kuma in ka sauka baƙo a Gindin Marke, za a ajiye maka ruwa a gabanka a koma gefe a yi shiru. Ba mai ce maka ka sha.