Ƙafar Pak Wagiman da Ba Ta Jin Zafi

Akwai wani tsohon direban bas a unguwarmu a birnin Solo, sunansa Pak Wagiman (Pak kamar Malam ne a wajenmu). Ranar da likita ya ce yana da ciwon suga, ya karɓi magani, ya dawo gida ya wurga shi saman kwaba. Wai ƙwaya ta ragwaye ce.

Shi maganinsa yana filin motsa jiki na unguwa, a 'yar hanyar nan da aka kafe da tsakuwa masu tsini, wadda dattawa ke takawa ba takalmi. Kowa ya hau sai ya yi ta ɗingishi yana yatsine fuska. Gogan naku kuwa sai ya jira rana ta gasa duwatsun, sannan ya hau yana taƙama kamar a kan katifa, riƙe da kofin shayin da suga ya kwanta a gindinsa.

Wanda ya fi shan ba'arsa shi ne maƙwabcinsa Pak Darsono, shi ma mai ciwon suga. Wannan yana shan magani a kan lokaci, yana auna jininsa, ya rage shinkafa, kuma ba ya cire takalmi a waje.

"Dar, zo ka taka mana! Ko sai matarka ta ba ka izini?"

"Wagiman, ni ƙwayar tsakuwa ɗaya ta shiga takalmina, sai na tsaya. Kai ba ka jin komai?"

"Ko alama! Kai kana can kana huda yatsa kamar tela, ni na warke."

"Rashin jin nan shi ne abin tsoro. Ka je a duba ƙafar nan."

Pak Wagiman ya tuntsire da dariya, 'yan korensa suka taya shi. Abin haushi, mutumin da ke tashi fitsari ba adadi, ƙishirwa ba ta barinsa, wando na zame masa don rama, shi ne ke raba wa mutane sirrin lafiya.

Wata Juma'a, daga kan duwatsun ya zarce masallaci. Da aka idar, ya juyo ya ga jini a kan farin tayil, sawu bayan sawu. Nan take ya ɗaga murya:

"Wane ƙazami ne wannan? Mutum ya shigo ɗakin Allah kamar mahauta!"

Ya bi sawun da ido tun daga bakin ƙofa, sahu bayan sahu, har ya zo ya tsaya a inda shi kansa yake tsaye.

Pak Darsono ya durƙusa ya ɗaga masa ƙafa. Tafin ya sale, ga fasasshiyar kwalba a nutse ciki, gefen ramin har ya soma baƙi. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake yawo da ita.

A asibiti aka ce sugan ya daɗe da hawa, har ya kashe jijiyoyin ƙafar. An ceci ƙafar da ƙyar, amma yatsu biyu sun tafi. 'Yan koren nan ko leƙe ba su yi ba. Pak Darsono ne ke ɗaukarsa a babur zuwa wankin ciwo, bai taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba.

Yanzu Pak Wagiman yana zama a bencin gefen duwatsun, da takalmi mai taushi da shayi ba suga. Rannan wani ya hau, ya yi tsalle ya sauko yana kukan zafi. Pak Wagiman ya dube shi ya ce:

"Ka ji zafi? To ka gode wa Allah."

Darasi: Suga yana ɓarna ne a ɓoye, kuma rashin jin ciwo ba lafiya ba ne. In kana da shi, sha maganinka, auna jininka, duba tafin ƙafarka kullum, kada girman kai ya sa ka raina mai kula da kansa. Ku tura wa duk wani Pak Wagiman da ke gidanku.