Giwa da Ɓauren Bakin Kogi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wai dabbobin dawa da mutanen wani ƙauye kogi ɗaya suke sha. Suka yi alkawari ba mai taɓa itatuwan ɓauren da ke riƙe da gaɓa, suka ba Giwa tsaro saboda girmanta.

Da rani ya tsananta, Giwa ta je can inda ba mai zuwa, ta ga ganye shar. Ta ce a ranta, "Bishiya ɗaya dai ba za ta rage komai ba." Ta tuge ta cinye. Yau ɗaya, gobe ɗaya.

Damina na sauka gaɓa ta zube, yashi ya binne fadamar mutane da ƙwan Kunkuru.

Aka taru. Dila ya ce, "Wa ke da haɗama in ba Kura ba? A kore ta."

Kura ta ce, "Ni da ganye? Yaushe na fara?" Ba wanda ya saurare ta.

Sai Kunkuru ta rarrafo gaban Giwa ta ce, "Ranki ya daɗe, sannu da ƙoƙari. Kada ki sa wa ranki damuwa, na san kin yi iyakar yinki."

Giwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Ku ƙyale Kura. Ni ce."

Kunkuru ta mai da kanta cikin ƙoƙon bayanta.

Giwa ta dasa sabon ɓaure, tana yi masa ban ruwa da hancinta kullum. Amma ba ta ƙara iya haɗa ido da Kunkuru ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta tafi ta bar mu nan.