Notin da Aka Fi Matsewa

Akwai wani mutum, manomin rani, a wani ƙauye da ke bakin fadama. Sunan ƙauyen ya kuɓuce mini, ko da yake dā na san shi sarai. Mutumin yana da wata a-kori-kura da yake kai tumatirinsa kasuwa da ita, sun tsufa tare. Kowace safiya in ya matsar da ita, sai ya tarar baƙin mai ya ɗiga a ƙasa, kullum daga kusurwa guda, ta wajen tayar hagu. Yakan watsa yashi a kai, ya ƙara mai, ya kama hanya. Ana haka har ɗigo ya zama tsiyaya.

Da tumatir ya nuna, aka tsinke, aka cika kwanduna, sai ya ga in ya hau hanya a haka injin zai ƙone kafin ya kai kasuwa. Ya aika gari aka sayo masa gaskit, wato robar nan da ake shimfiɗawa tsakanin inji da kaskon mai na ƙasa don ta toshe bakin. Guda ɗaya aka samu. Ya ce shi zai sa da kansa, gama bakanike yana nesa, tumatir kuwa ba ya jira.

Ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin motar ya kwanta. Ya juye man a tsohon daro, ya kwance notunan da ke kewaye da kaskon, ya kankare tsohuwar robar, ya wanke bakin da kananzir. Bayansa na ciwo, mai na ɗiga masa a gemu. Da ya ɗora sabon gaskit ya mai da kasko, ya soma ɗaure notunan da hannu, sai idonsa ya faɗa kan kusurwar nan ta hagu. Takaicin shekaru ya taso masa. Ya ɗauki sifana ya matse notin wurin, ya ƙara matsewa, ya dogare ƙafa da taya ya ja har ƙarfen ya yi ƙara.

Matarsa na zaune a gefe tana ware tumatirin da ya fashe. Ita ce mai kaɗa wa zumuntar mata ganga a coci. Ta leƙo ta ce, "Baban Barnaba, kokawa kake da ita ko gyara?"

Ya ce, "Nan ne yake ba ni wahala. Yau zai san da ni yake."

Ta ce, "Ni dai in zan ɗaure fatar ganga, ba na jan igiya gefe ɗaya. Kaɗan nan, kaɗan can, in zagayo, in sake zagayowa. In ba haka ba fatar yagewa take."

Ya ce, "To, mota ba ganga ba ce. Miƙo mini tsumma."

Ta miƙa masa.

Ya fito ya zuba mai ya ta da injin. Kafin ya gama wanke hannu, ga mai yana zuba, a kusurwar nan dai, har ya fi na dā. Ya sake kwanciya ya sauke kaskon. Robar ta tsage daidai inda ya matse. Abin da ya fi ba shi kunya kuwa, notunan ɗaya gefen da yatsa kawai ya kwance su. Tun da ya ɗaura su da hannu bai koma kansu ba, domin can ba ya taɓa yoyo. Ya daɗe kwance yana kallon cikin injin.

Kafin a samo wani gaskit daga gari kasuwa ta ci ta watse. Ko Laraba ce ranar ko Alhamis, ban riƙe ba. Tumatir ya yi laushi, kwanduna suka fara ruwa. Matar ta yayyanka abin da ya ragu ta shanya a tabarma ya zama kauɗa, sauran aka zuba wa awaki. Da sabuwar robar ta iso, ya kwanta a kan buhun nan, ya juya noti ɗaya kaɗan, ya tsallaka na daura da shi, ya zagayo, ya sake zagayowa. Mai bai ƙara ɗiga ba. Sai dai babu kayan da motar za ta ɗauka.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Motar ita ce gidan da Ubangiji ya ba ka amana. Man shi ne salamar gidan. Notunan kuwa su ne mutanen da ke cikinsa. Kusan kowane gida akwai ɗan da ya gajiyar da iyayensa, wanda kullum ta wajensa ake jin ɗigo. Idan muka gaji, a kansa muke sauke duk ƙarfinmu: faɗa da safe, gori da yamma, har zuciyarsa ta tsage, abin ya fi na dā muni. 'Yarmu mai shiru kuma, da ba ta taɓa ba mu wahala ba, mun manta rabon da mu tambaye ta lafiya. Ta saki tuni, ba mu sani ba.

Ubangiji bai matse mu haka ba. Kaɗan kaɗan yake jan mu, yana zagayowa, yana haƙuri. Na ga iyaye da yawa da suka koyi wannan bayan kasuwa ta watse. In kun koma gida yau, ku sassauta hannu a inda kuka daɗe kuna matsewa, sa'an nan ku je ku zauna kusa da wanda ba ya yoyo.