Manomi da Randunan Bakin Hanya

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da kogi, mutum ne mai ƙafa ƙwarai. Tun yana saurayi yake marmarin shiga gudun fanfalaki, wato tseren nan mai nisan gaske da ake yi a babban birni. Amma kowace shekara sai wani abu ya gitta, yau shuka, gobe rashin lafiyar yara, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ya sani sarai in bai je bana ba, gwiwoyinsa ba za su jira shi baɗi ba.

Mai horar da masu gudu a ƙauyen wani tsohon soja ne, ana ce masa Saje. Ya tara su ya ce, "Ran Asabar za ku tashi daga gindin tsamiyar kasuwa, ku je gada, ku dawo. Wanda bai gama ba, ba zai hau motar birni ba. Kuma damina ce, duk inda kuka ga ruwa ku tsaya ku sha."

Ran Jumma'a matar manomin ta fita tun da hantsi, ba ta dawo ba sai yamma liƙis, har tuwo ya makara. Ya yi ta gunaguni. Da safe yana ɗaura takalmi ta ce masa, "Maigida, don Allah ka riƙa shan ruwa a hanya."

Ya yi dariya ya ce, "Ni da nake wuni da fartanya a rana? Ki bar wa yaran makaranta wannan."

To, an kwana ana ruwa, da gari ya waye kuma rana ta fito da ƙarfinta. Ƙasa tana tururi, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. A irin wannan rana zufa ba ta bushewa, sai dai ta yi ta zuba, mutum yana ƙarewa bai sani ba. Aka tashi. Manomi ya wuce gaba, riga ta manne masa a baya.

Hanyar ta ratsa gonaki, ba gida ko ɗaya. Can sai ga randa a gindin wata ɗorawa, an rufe ta da faifai, da moɗa a kai, irin yadda masu alheri suke ajiyewa domin matafiya. Sauran suka tsaya suka sha. Shi kuwa ya ce a ransa, "Ai ban ji ƙishi ba tukuna," ya wuce. Ya tarar da ta biyu, ya wuce. Ya tarar da wata a gaba, ko kallonta bai yi ba, yana jin daɗin ya bar samari a baya. Girman kai dai rawanin tsiya ne, ranar kuwa mutumin nan ya naɗa babba.

Kafin ya kai gada, ƙafafunsa suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Kansa ya soma juyawa, ya ji sanyi yana ratsa shi a cikin wannan zafi. Waɗanda ya raina suka zo suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, suka taɓa gada suka juya. Da ƙyar ya ja jiki ya kai, ya zube a inuwar wani mangwaro. Tsoro ya kama shi, da baƙin ciki. Ya ce, "Shi ke nan, na tsufa. Motar birni ba tawa ba ce."

Da ya ɗaga kai, sai ga randa a gefensa. Ya miƙa hannu ya ɗauki moɗar, sai ya tsaya yana dubanta. Akwai tsaga a bakinta, an ɗinke da zare baƙi. Shi ne ya taka ta bara ta tsage, matarsa ta ɗinke. Nan take ya gane inda ta wuni jiya. Ita ce ta bi hanyar nan da jaki, ta ajiye randuna, ta cika su, tun ƙishi bai zo masa ba. Kunya ta rufe shi, hawaye ya haɗu da zufa.

Ya sha kaɗan kaɗan, ya zuba a ka, ya huta har idonsa ya washe. Sa'an nan ya tashi, da fari yana tafiya, daga baya ya koma sassarfa. Kowace randa da ya raina da safe, ya tsaya ya durƙusa ya sha. Rana ta take sosai kafin ya hango tsamiyar kasuwa. Shi ne na ƙarshe, amma Saje yana nan zaune bai tashi ba.

Saje ya ce, "Cewa na yi a gama, ban ce a riga kowa ba. Kujerarka tana nan a mota."

Manomi ya juya wajen matarsa, ya miƙa mata moɗar da ya riƙo daga gada, ya ce, "Uwargida, ki gafarce ni. Na sha."

Ta yi murmushi ta ce, "Ai na san halinka, na san za ka wuce ta farko. Shi ya sa na kai har gada."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana: hanyar nan rayuwar mai bi ce, kuma doguwa ce. Akwai kwanakin da iska takan tsaya, ciwo ya daɗe a gida, aiki ya ƙi, addu'a ma ta yi nauyi a baki. Randunan nan su ne abin da Ubangiji ya tanadar mana tun ba mu roƙa ba: Maganarsa, addu'ar safe, taron sujada, da ɗan'uwan da zai tambaye ka lafiya da gaske. Kuskurenmu irin na manomin ne. Muna cewa sai mun ji ƙishi za mu sha, sai wahala ta zo za mu nemi Allah. Alhali mai jiran ƙishi a irin wannan hanya ya riga ya makara.

Amma ga abin da yake faranta mini rai. Ko ka wuce ta farko, ko ka wuce ta biyu, ko yau kana zube kana cewa taka ta ƙare, Yesu ya san halinka, ya kuma riga ka isa wurin da za ka faɗi. Bai ce ka riga kowa ba, cewa ya yi ka gama. Duba gefenka, randa tana nan cike, moɗa tana kai. Ka sha, ka tashi, ana jiranka a gindin tsamiya.